Rigimar Babban Kanti a Unguwarmu: Ku Zo Mu Zagaya Wurin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau garin ba daɗi, amma na ce sai na fito na nuna muku wurin da ya hana unguwarmu sakat a 'yan makonnin nan. Bari in juya kyamara. Kun ga wannan filin da aka kewaye da waya? Tsohon wurin sayar da motoci ne, an rufe shi tun kafin in tare a nan. Ga ciyawa ta fasa kwalta ta fito, ga wata katifa can da wani ya jefo ta saman shinge, ruwa ya dake ta har ta yi kore. To a kan wannan kangon ne maƙwabta suke neman daina gaisawa.

Wani kamfanin kantunan rangwame ne ya nemi izinin gina babban kanti a nan, da wurin ajiye motoci a gaba. Ba zan kama sunansa ba. Waɗanda ke zaune a Ingila sun san irin kantunan da nake nufi. Tun da Aldi ya buɗe kantinsa na farko a Birmingham a 1990, Lidl ya biyo baya a 1994, irin waɗannan kantuna suka bazu ko'ina, kuma kusan duk inda za a kafa sabo sai an kai ruwa rana.

Ku dubi jikin wannan turken fitilar. Takarda ce a cikin leda, an ɗaure ta da igiyar roba, rubutun ƙanana sai ka matso. Wannan ita ce sanarwar ƙaramar hukuma. A ƙa'idar nan, idan aka nemi izinin gini ana ba jama'a kwana 21 su rubuto ra'ayinsu, na goyon baya ko na adawa. Babban aiki irin wannan kuma, a takarda mako 13 aka ba hukuma ta yanke hukunci, kodayake sau da yawa akan wuce haka idan ɓangarorin biyu sun amince. Mutum nawa ne suka tsaya cikin wannan sanyin suka karanta ta? Allah masani.

Mu ɗan taka zuwa mahaɗar titi, don a nan ne masu adawa suka fi ƙarfi, kuma gaskiya suna da abin faɗa.

To ga mu. Wannan shataletalen shi kaɗai ne mashiga da mafitar unguwar baki ɗaya. Hagu hanyar cikin gari ce, dama hanyar makarantar firamare. Yanzu an kusa tashi daga makaranta, ku ga yadda motoci suka fara jeruwa. Ku lura da waccan matar mai keken jariri. Tun ɗazu take tsaye a bakin titi da yaro ɗaya riƙe da rigarta, babu danja, babu wurin tsallakawa, jira kawai take wani direba ya ji tausayinta ya ɗaga mata hannu. Ga shi nan, mai farar motar ya tsaya, Allah ya saka masa. To ku ɗora motocin masu cefane a kan wannan, ku ƙara da tirelar kaya da za ta riƙa juyawa a nan da asuba tana ƙarar ribas a ƙarƙashin tagar mutane. Wanda gidansa ke kallon wannan filin, idan ya ce ba ya so, ni ban ga laifinsa ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Manufar tsara gari ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 2012, ta ce ba a hana gini saboda titi sai in akwai haɗari ga lafiyar masu bin hanya wanda ba za a lamunta ba, ko kuma cunkoson da aikin zai haifar ya kai matsananci. Matsananci fa, ba wai ya ƙaru kawai ba. Shi kamfani yana zuwa da injiniyoyinsa da rahoto mai kauri, su ce yawancin waɗanda za su shigo kantin dama can suna kan titin, hanyarsu ce ta komawa gida, ratsewa kawai za su yi. Su ƙara da cewa mai zuwa cefane can nesa yanzu tafiyarsa za ta ragu. Akwai gaskiya a ciki. Amma duk wanda zai karanta irin wannan rahoto, ya fara duba ranar da aka ƙirga motocin da kuma lokacin. Ƙirgen da aka yi ana hutun makaranta daban yake da abin da kuke gani a bayana yanzu. Kuma ba kansila ne ke auna wannan ba, sashen kula da tituna ne. Idan su suka rubuta cewa ba su da ja, to da wuya kwamitin kansilolin da ke ba da izinin gini ya kafa hujja da cunkoso.

An yi taron unguwa a zauren coci, na je. Zaure ya cika, an jera kujerun roba, ga shayi a gefe. Da aka fara, maganar kanti ake yi. Kafin a yi nisa zancen ya koma wani wuri. Wata dattijuwa ta miƙe ta ce ita ba kanti take nema ba, likita take nema, kullum ƙarfe 8 na safe tana riƙe da waya a layi, kafin a ɗauka an ce babu gurbi. Zaure ya ɗauki tafi. Wani ya ce ɗansa bai samu makarantar da ke bayan gidansu ba, sai da aka tura shi wata unguwa. Wata ta ce an rage zirga-zirgar bas, da yamma in ka rasa ɗaya sai ka daskare kafin wata ta zo. Wani kuma ɗakin karatu, wani filin wasan yara. An gina sababbin gidaje a bayan unguwa, mutane sun ƙaru, amma asibitin unguwa yana nan yadda yake.

Ina zaune ina ji, na ce a raina an bar jaki ana dukan taiki. Duk kukan nan gaskiya ne, amma babu ɗaya da hana kanti zai share. Filin nan ba na hukuma ba ne, yana da mai shi, kuma mai shi zai ba wanda ya fi biya. Asibitin unguwa a hannun NHS yake, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, ba a hannun kwamitin izinin gini ba. Motocin bas, a mafi yawan Ingila in ka cire Landan, kamfanoni masu zaman kansu ne ke tafiyar da su tun 1986, hanyar da ba ta kawo riba sai hukuma ta sa tallafi. Kwamiti ba ya zaɓa tsakanin kanti da asibiti. Abin da aka ajiye masa a tebur shi kaɗai zai ce wa e ko a'a. In ya ce a'a, ba asibiti ne zai tsiro a nan ba, katifar can ce za ta ci gaba da zama.

Wani ya tambaya, to me ya hana a tilasta wa kamfanin ya gina asibitin? Akwai hanyar da ake karɓar kuɗi ko aiki daga masu gini, ita ce Sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990. Amma tana da iyaka. Abin da za a nema dole ya zama wajibi kafin aikin ya karɓu, ya zama yana da alaƙa kai tsaye da aikin, kuma ya yi daidai da girmansa. Mai gina gidaje yana kawo sababbin mazauna, don haka ana iya cewa ya ba da na makaranta da na asibiti. Kanti ba ya kawo mazauna, motoci yake kawowa. Saboda haka abin da za a iya tatsa a jikinsa shi ne na titi: danja, wurin tsallakawa, faɗaɗa mahaɗa, rumfar jiran bas, hanyar keke. Lokacin rigimar asibiti shi ne lokacin da ake gina waɗancan gidajen. Yanzu kam ihu ne bayan hari.

Akwai kuma koke-koken da ko kallonsu ba a yi. Ka rubuta cewa darajar gidanka za ta faɗi, babu ruwan kwamiti. Ka ce za a tare maka kallon da kake yi ta taga, babu ruwansa. Ka ce kantuna sun yi yawa, ko wane zai rasa ciniki, a ce maka gasar kasuwa ba aikinsu ba ne. Abin da suke dubawa shi ne ko aikin zai kashe tsakiyar gari. Ana fara tambayar kamfani ko babu fili a cikin gari ko a gefensa kafin ya fito bayan gari. In ginin ya wuce murabba'in mita 2,500 sai ya kawo rahoton illar da zai yi wa kasuwar cikin gari, sai dai in ƙaramar hukuma ta sa nata ma'aunin ƙasa da haka. Irin waɗannan kantunan rangwame kuwa yawanci ba sa kaiwa wannan girman.

Bari mu bi ta gaban jerin shagunan nan. Wannan na ƙarshen, mai allon jaridu a ƙofa, wani bawan Allah ne da iyalinsa ke riƙe da shi, daga asuba har dare. Na tsaya mun yi hira jiya. Bai yi dogon bayani ba, ya nuna mini firjin madara da kantar burodi, ya ce waɗannan ne ke shigo da mutane, in sun tafi sauran ma sun tafi. Abin da ya rage masa shi ne dare da ranar Lahadi, don dokar 1994 ta taƙaita manyan kantuna da suka wuce murabba'in mita 280 ga awa 6 kacal ranar Lahadi a Ingila da Wales, shi kuwa ƙarami yana iya buɗewa yadda ya ga dama. Shi ne wanda na fi tausaya wa a duk rigimar nan, kuma shi ne wanda doka ta fi ƙarancin saurare.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a taron nan, waɗanda ba su zo ba ne. Na duba zauren, yawanci masu gidan kansu ne, masu mota a ƙofar gida, da dama sun yi ritaya. Su nisan kanti ba ya damunsu, minti kaɗan ne a mota. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan gida 1 cikin 4 a Ingila ba su da mota. Ina suke? Suna wurin aiki, ko suna barcin aikin dare, ko ba su ma san ana yi ba. Akwai wata 'yar uwarmu a layin bayanmu, aikin kula da tsofaffi take yi. Na ce mata, Hajiya, ba a gan ki a taro ba. Ta yi dariya ta ce, Malam, wane taro, ni da na shiga aiki tun bakwai? Ita duk ranar hutunta bas biyu take hawa ta yi cefane, ta dawo da jakunkuna sun shata mata yatsu. A watan Maris na 2023 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 19 cikin 100, kuma da ta lafa, farashin bai koma inda yake ba, hawansa ne kawai ya rage gudu. Wanda ke lissafin kowane fam, kanti mai sauƙi da zai je da ƙafa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Amma sunanta ba ya cikin takardar kowa, kuma kansila abin da ya shigo akwatinsa yake ƙirgawa.

Ni dai ra'ayina, a gina, amma da sharuɗɗa masu ƙarfi. Dalilina ba son kamfanin ba ne. In kansiloli suka bi tafin zaure suka ƙi ba tare da hujjar da doka ta sani ba, kamfani yana da wata 6 ya ɗaukaka ƙara gaban sufeton gwamnati. Sufeto ba ya neman ƙuri'ar kowa a unguwar nan. Yana iya ba da izinin, har ma ya sa ƙaramar hukuma ta biya kuɗin ƙarar in ya ga ta ƙi ba bisa dalili ba. Mu mazauna kuwa, in aka ba da izini, ba mu da damar ɗaukaka ƙara, sai dai a je babbar kotu cikin mako 6, ita ma ba ta duba ko kantin ya dace, tana duba ko an bi ƙa'ida ne kawai, kuma kuɗi take ci. Ƙarfinmu yanzu yake, kafin a sa hannu, lokacin da kamfani ke neman a yi ta ta ƙare.

Don haka na rubuta tawa wasiƙar. Na nemi a sa danja da wurin tsallakawa daidai inda matar nan ta tsaya, kuma a gama su kafin a buɗe kantin, ba bayan an buɗe ba. Na nemi a hana tirela shigowa da dare da kuma lokacin zuwa da tashin makaranta. Na nemi ƙofar masu ƙafa ta fuskanci tashar bas, kada mutum ya ratsa tsakiyar motoci da kaya a hannu. Na kuma nemi a bar iyaye su ajiye mota a filin kantin na ɗan lokaci in sun zo ɗaukar yara, don wannan kaɗai zai rage motocin da ke hawa gefen titi. Hajiyar ma na taya ta, ta faɗa na rubuta mata a waya, layi uku ne, ta aika da sunanta.

Ku da ke zaune a ƙasashen nan, ɗan haya ma yana da damar rubutawa, ba sai mai gida ba, ba sai mai ƙuri'a ba. Ranar zaman kwamiti kuma ana barin jama'a su shiga, a wurare da yawa mai magana minti 3 ake ba shi, ana kallon agogo. In an sa rana zan je, in an bar ni da kyamara za ku gani. Ruwa ya fara saukowa kuma yatsuna sun sandare, bari in nemi mafaka. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.