Darasin Lafiya: Kula da Ɗinki Bayan Tiyatar Rage Teɓa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau muna kan tiyatar rage teɓa, wadda likita ke yanke fatar cikin da ta saki, ya ɗinke naman da ya buɗe bayan haihuwa, ya kuma fito da cibiya ta sabuwar kafa. Ɗinkin a mara yake, daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya fi na tiyatar haihuwa tsawo nesa ba kusa ba.

To 'yar uwa, an sallame ki, kin dawo gida. Makon farko, wani lokaci har na biyu, a ɗan sunkuye za ki riƙa tafiya kamar tsohuwa. Kar ki ji kunya, kar kuma ki miƙe da ƙarfi, ɗinkin za ki ja. In za ki kwanta, ki tada kai da matasai, ki sa ɗaya ƙarƙashin gwiwa. Sallah ma a zaune za ki yi ta tukuna. Amma ban ce ki lafe a gado ba! Ki riƙa zagaya ɗaki sau da yawa a rana, don kar jini ya daskare a ƙafa.

Galibi ana barin 'yar roba mai tsotse ruwan ciwo. Ki wanke hannu da sabulu, ki juye ruwan a ƙoƙon awo, ki rubuta adadinsa. Likitoci da dama sukan cire ta in ya gaza mililita 30 a awa 24. Bel ɗin ɗaure ciki kuwa, kusan mako 6 ake sa shi, ya kama amma ba har ya hana numfashi ba.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne, musamman iyayenmu masu jinya. Fatar da ke tsakanin cibiya da ɗinki takan mutu da ji, watanni ba ta jin zafi. Mu kuma mun saba da gashi da ruwan zafi, irin na jego. Hajiya ta tsoma tawul a tafasasshen ruwa ta danna, mai ciwo ta ce "ban ji komai ba, ƙara." Gari ya waye, fata ta yi bororo ta saɓule. Don Allah Hajiya, wannan ba jego ba ne. Babu gashi, babu wankan ganye. Ruwa mai ɗumi kaɗan, shi ma sai likita ya ba da izini, a kuma busar da wurin da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba. Kar a shafa man kaɗe, toka ko wani haɗi a ɗanyen ɗinki.

Goyo, daka da ɗaukar bokiti, a manta da su har mako 6. Taba da shisha suna hana ciwo haɗewa. Ki ci ƙwai, wake, kifi da zogale, ki sha ruwa, don maganin ciwo kan kawo taurin bayan gida, ga shi yunƙuri ba naki ba ne yanzu.

In wurin ya yi ja, yana wari ko mugunya, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, a kira likita ranar. In kuwa ƙwauri ɗaya ya kumbura, ko ƙirji ya riƙe, numfashi yana sarƙewa, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Batun tabo, wanda kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya lafa, sai bayan sanarwa. Ku dakace mu.