Wa ke manna harafin M a kwalin wasan bidiyo?

Ɗauki kwalin wasan PlayStation na kasuwar Amurka, ka duba ƙasa daga hagu. Za ka ga ɗan akwati baƙi da fari, da harafi a ciki: E, ko T, ko M. Mutane da yawa sun ɗauka aikin gwamnati ne, alhali kamfanonin wasannin ne da kansu suka kafa hukumar da ke manna shi.

Tsoro ne ya haifar da ita. A Disambar 1993, sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka titsiye kamfanonin a majalisar dattawa kan wasanni irin su Mortal Kombat, inda ɗan wasa ke fizge kan abokin karawarsa har da ƙashin baya. A na'urarta, Nintendo ta mayar da jinin da ke cikin wasan gumi. Sega ta ɓoye nata, sai ka danna wasu maɓallai a jere ya fito, kuma kan ka ce kwabo yara sun haddace su. Sanatocin suka ce ko dai ku gyara gidanku, ko mu gyara muku da doka. A 1994 aka kafa ESRB, hukumar da ke tantance wasannin ta manna musu harafin.

E na kowa ne, T daga shekara 13, M daga 17. Akwai kuma AO, na manya zalla, wanda kowane kamfani ke gudu, domin Sony da Microsoft da Nintendo ba sa karɓarsa a na'urorinsu.

To, masu tantancewar ba buga wasan suke yi kafin su ba shi harafi ba. Bidiyo suke kallo, wanda kamfanin da kansa ya haɗa ya aiko. A 2005 aka tono wani ɓoyayyen fage na batsa a Grand Theft Auto: San Andreas, sai aka mayar da shi daga M zuwa AO, manyan shaguna suka kwashe shi daga kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi. Yaro ya zuba kuɗin gaske a wasan bidiyon ƙwallo na FIFA, ya sayi fakitin 'yan ƙwallo bai san waɗanda za su fito masa ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce a 2018 wannan caca ce, har EA, mai yin wasan, ta daina sayar da makin sayen fakitin a ƙasar. ESRB kuwa, a 2020, layi ɗaya ta ƙara a ƙarƙashin akwatin nan cewa akwai sayayyar sa'a a ciki, harafin FIFA kuma ya ci gaba da zama E.