Ido ko Na'ura: Wa Ya Fi Iya Ƙirgen Ƙwayoyin Cutar da Ke Cikin Ruwa?

Jama'a, ku dubi wannan ɗan farantin da kyau. Jiya da safe fari fat yake. An ɗebo ruwa mililita 100 daga rijiyar wani gida a nan Kaduna, aka tace shi ta wannan siririyar takarda wadda ƙofofinta ba su wuce maikuron 0.45 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), aka shimfiɗa ta a kan abincin ƙwayoyin cuta, aka rufe, aka sa a akwatin ɗumi ya kwana. Yau ga abin da ya fito: ɗigo-ɗigo, kamar an watsa gero a faifai.

Ƙwayar bakteriya guda ɗaya ido ba ya ganinta. Amma idan ta samu abinci da ɗumi, irin wadda ake kira E. coli takan rabu biyu kusan kowane minti 20, kafin gari ya waye ta zama dandazon miliyoyi a wuri guda. Wannan dandazon shi ne ɗigon da kuke gani, shi ake ƙirgawa. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1887 Julius Petri, mataimakin Robert Koch a birnin Balin, ya fito da wannan faranti mai murfi, har yau kuma da sunansa ake kiransa.

Ga yadda ake yi da hannu. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji za ta zauna, fitila a gefe, gilashi mai ƙara girma a gabanta. Takardar tana da zanen gidaje kamar na dara, sai ta bi su layi-layi, tana danna ɗan abin ƙirge da babban yatsa. Idan kuwa farantin da aka gauraya ruwan a cikin abincin ne, sai ta kife shi, duk ɗigon da ta ƙirga ta ɗiga masa alama da alƙalamin maka a bayan farantin don kada ta maimaita. A irin wannan, ƙirgen da ake amincewa da shi yana tsakanin 30 da 300. Ya haura haka, an cakuɗe, sai dai a tsarma ruwan a sake.

Faranti na farko da safe ba wuya. Na sittin, bayan la'asar, ido ya yi yaji, wuya ya ƙage, nan kuskure ke shigowa. Mutum biyu kan ƙirga faranti ɗaya lissafinsu ya sha bamban.

Wannan gajiyar ita na'ura ta zo ta ɗauke. A zura faranti, kyamara ta ɗauki hoto, manhaja ta ƙirga cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya fi burge ni ma ba saurin ba ne: tana adana hoton da ranarsa. Ko bayan wata shida mai kamfanin ruwan leda ya dawo yana musun sakamako, ga shaida a kwamfuta, alhali farantin kansa tuni an ƙona shi.

To amma ku kalli nan. Wannan kumfar iska ce, na'ura ta ƙirga ta. Wannan ɗan tsaki ne daga ruwan da ya yi laka da damina, shi ma ta haɗa da shi. Waɗannan biyun da suka manne, ta ce ɗaya ne. Akwai ma irin da ke malala ya rufe rabin faranti, nan ta kan ruɗe gaba ɗaya. Ƙwararriyar ma'aikaciya kuwa kallo ɗaya za ta yi ta gane.

Me ya sa wannan ya dame ni? Domin a ruwan sha, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Nijeriya, wato NIS 554, magana ɗaya suke yi: E. coli ko guda kada a samu a cikin mililita 100, saboda samunta alama ce ta cewa bayan gida ya gurɓata ruwan. Kuskuren ɗigo 3 a cikin 200 ba ya sauya hukunci. Tsakanin babu da guda ɗaya kuwa, ko dai a rufe wa mutum sana'arsa ba da hakki ba, ko a bar yara su sha abin da zai kwantar da su da amai da gudawa. Irin wannan ɗigon, dole mutum ya sa idonsa, ya kuma sake gwada shi ya tabbatar.

Ni dai a ganina, babban ɗakin gwaji mai karɓar ɗaruruwan faranti a yini, na'ura ta cancance shi, muddin akwai mai duba bayanta. Ƙaramin ɗaki kuwa, kuɗinsa ya fara zuwa wani wuri tukuna. Gwajin ƙwayoyin da ke jure zafi, irin su E. coli, yana buƙatar akwatin ɗumi ya tsaya cak a kan digiri 44 har tsawon kwana guda. A ɗauke wuta cikin dare, akwatin ya huce, abin da za a gani da safe ba gaskiyar ruwan ba ce, ko wa ya ƙirga. A fara da sola da batir, da kulan ƙanƙara da zai kawo ruwan gwajin da sanyinsa cikin awa 6, sannan a tura ma'aikata su ƙaro horo. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan a hanyar Mando, ba sai an bar gari ba.