Sharhin Bayan Labarai: Karayar Tsofaffi Ta Fi Ƙarfin Gwamnati Ita Kaɗai

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar 20 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce aka keɓe a duniya domin faɗakarwa kan ciwon zaizayar ƙashi, ciwon da ke cin ƙashin mutum ta ciki kamar yadda gara ke cin azara, ba zafi ba zazzaɓi, sai ranar da ƙashin ya karye. Gidauniyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da ciwon ta ƙiyasta cewa a cikin mutanen da suka haura shekara 50, mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar za su gamu da irin wannan karaya.

Mun san yadda abin ke faruwa a gidajenmu. Dattijuwa za ta zame a wurin alwala, faɗuwar da in jikanta ne zai miƙe ya kakkaɓe rigarsa, amma ita sai ƙashin ƙugu ya karye. A ce tsautsayi ne, a kira maɗori ya shafa man shanu ya ɗaure, daga nan sai kwanciya ta wata da watanni, har gyambo ya fito mata a baya. Da wuya a sami wanda zai tambayi dalilin da ya sa faɗuwa ƙarama haka ta karya ƙashi.

Jiki yana gina ƙashi ne har zuwa wajen shekara 30, daga baya sai ya riƙa raguwa, kuma raguwar ta fi sauri ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Babban mutum yana bukatar sinadarin kalsiyam kusan miligiram 1,000 a rana, tare da bitamin D da fata ke samarwa daga hasken rana. Rana kam Allah Ya hore mana ita a Sakkwato. Inda gizo ke saƙa shi ne abinci, domin tun a 1999 wani bincike da aka yi a Jos ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a cimaka ne ke lanƙwasa ƙafafun yara da dama. Abin takaici ne a ce a jihar da ke alfahari da shanu, nono, wanda ke ɗauke da kalsiyam, ya yi wa talaka tsada.

Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Ƙashi na Wamakko, sai dai jihar tana da ƙananan hukumomi 23, kuma wanda ya karye a Kebbe ko Sabon Birni ba likitan ƙashi zai fara gani ba. Maɗori zai gani, ko mai kemis, ko ƙaramin asibitin kuɗi. A ganinmu, daga wurin waɗannan mutane ya kamata haɗin gwiwar gwamnati da masu zaman kansu ya soma. Ya dace Ma'aikatar Lafiya ta zauna da maɗora, ta hanyar sarakunan gargajiya da suke jin maganarsu, a daidaita cewa karayar ƙugu aikin asibiti ce, kuma duk dattijon da ƙaramar faɗuwa ta karya, a tura shi a binciki ƙashinsa ko da an riga an ɗora, saboda wanda ya karye sau ɗaya ya fi kowa fuskantar karaya ta biyu.

Su ma masu kemis akwai magana a kansu. Ana sayar da ƙwayoyi irin su dexamethasone da prednisolone ba tare da takardar likita ba, wasu na sha don ciwon gaɓoɓi, wasu 'yan mata kuma don su yi ƙiba, alhali daɗewa ana shan su yana sirantar da ƙashi. Hukumar NAFDAC ba za ta iya tsayawa a ƙofar kowane shago ba, dole sai ƙungiyoyin masu sayar da magani sun tsawata wa 'ya'yansu.

Irin wannan haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a Najeriya, domin da gwamnati ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishiri a farkon shekarun 1990, kamfanoni ne suka aiwatar, kuma maƙoƙo ya ragu ƙwarai. Haka za a iya haɗa masu zuba jari da ƙungiyoyin makiyaya a kafa wuraren tattara madara masu firjin sola, a riƙa kai ta makarantun firamare.

Na'urar auna ƙarfin ƙashi, wadda ake kira DXA, tana da tsada, don haka babu laifi ɗan kasuwa ya kawo ta gwamnati ta ba shi wuri a asibiti. Amma wajibi ne a ƙayyade kuɗin gwajin tun a takardar yarjejeniya, a rubuta shi da Hausa a liƙa a ƙofar ɗakin, sannan hukumar SOCHEMA, mai kula da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, ta sanya gwajin da magungunan ƙarfafa ƙashi cikin abin da tsarin ke biya wa tsofaffi.