Goron Sallah, Tukuici da Kyautar Ofis

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ƙarama ko babba, hannaye kan buɗe. Maigida ya ɗinka wa iyali kayan Sallah, yara su fita yawon Sallah gida-gida suna karɓar barka da Sallah, kwanukan tuwo da soyayyen nama kuma su yi ta zirga-zirga tsakanin maƙwabta. Al'ada ce mai kyau wadda addini ya ƙarfafa, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu riƙa yi wa juna kyauta za mu so juna. Sai dai kyauta tana da ladabinta, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe.

Mu fara da cikin gida. Bahaushe ya daɗe da sanin tukuici, shi ya sa idan aka aiko yaro da kwanon abinci ba a sallamarsa hannu rabbana, kuma kwanon ba ya komawa wayam. Amma mutanen da suka fi cancantar goron Sallah su ne waɗanda suka yi mana hidima shekara guda cur: mai gadin da yake kwana a bakin ƙofa cikin hunturu, 'yar aikin da take tashi kafin kowa, direba, ɗan garuwa da mai wanki da guga. Abin takaici, akwai gidajen da za a riƙe wa mai gadi albashin wata biyu, sannan ranar Sallah a miƙa masa yadi biyar na shadda ana jiran godiya. Wannan ba kyauta ba ce. A fara biyan mutum haƙƙinsa kafin ranar Idi, don ya samu ya ɗinka wa 'ya'yansa kaya tun tela bai daina karɓar ɗinki ba, sannan abin da aka ɗora a kai shi ne alheri. Shari'a ma ta raba biyun, domin a hadisin Sayyidina Aliyu an hana a biya mahauci ladan fiɗa da naman hadaya, malamai kuma suka ce haka hukuncin yake a layya. A ba shi kuɗin aikinsa daban, naman kuma ya zama kyauta. A miƙa a keɓe, cikin mutuntawa, ba a gaban baƙi ba, kada kuma a ɗauki hoto a watsa a Facebook.

A wurin aiki kuwa lamarin ya fi sarƙaƙiya. Idan Babbar Sallah ta zo za ka ga raguna suna shiga gidajen manyan jami'ai, kamar yadda kwandunan kyauta suke cika ofisoshi a lokacin Kirsimeti, kuma galibi daga 'yan kwangila ne ko masu jiran sa hannu a takarda. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na biyar, ya yarje wa ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta daga dangi da abokai ne kawai, gwargwadon abin da al'ada ta sani, ya kuma ɗauki kyautar kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati a matsayin karya doka har sai an tabbatar da akasin haka. Tun kafin wannan, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah ya hau mimbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar?

Haka nan bai dace ba a bi ƙananan ma'aikata da takardar karo-karo don saya wa shugaba rago, alhali mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, kuɗin da ba ya kai magidanci ƙarshen wata. Mutum yana jin nauyin ya ce ba shi da shi, sai ya ci bashi ya bayar. Idan har za a yi karo-karo a ofis, manya ne ya kamata su haɗa, a raba wa masinja, mai shara da mai gadi kwanaki kafin a tafi hutu, tun farashi bai ƙara hawa a kasuwa ba.