Jawabin Maraba Ga Baba Shugaban Ekklesiya, Daga Bakin Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki

Baba Shugaban Ekklesiya da Mama, Baba Sakatare da sauran iyayenmu fastoci da suka rako su, shugaban makaranta da malamanmu, dattawa, iyayenmu na Zumuntar Mata, 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salama gare ku.

Baba sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Mun san halin hanyar nan tamu daga inda kwalta ta ƙare, balle yanzu da damina, duk wanda ya biyo ta ya iso nan to ƙauna ce ta kawo shi. Tun ranar da aka ce za ku zo makarantar nan ba ta zauna ba, an yi shara, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, mawaƙa sun kwana uku suna koyon waƙa har muryar wasu ta dushe. Kuma gara in faɗa tun da wuri, fentin bangon majami'ar nan bai gama bushewa ba, masu babbar riga a yi hankali da jingina. Abin da muke da shi kaɗan ne, amma dai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ni ba gwanin magana ba ne, 'yan'uwa ne suka ɗora mini wannan kaya suka ce je ka faɗa wa Baba yadda muke. Toh ga yadda muke.

Ƙarfe 5 na asuba ake buga ƙararrawa, wadda a gaskiya tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a bishiyar darbejiya, amma ƙararta ko wanda ya mutu da barci sai ya tashi. A yi addu'ar safe, a ɗebo ruwa, masu iyali su shirya yara, sai aji. Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, tauhidi, tarihin ekklesiya, aikin kiwo, waɗanda ke sashen Turanci kuma ga Helenanci yana jiransu. Akwai ɗan'uwanmu a nan, ba zan nuna shi ba ya san kansa, dattijo ne mai jikoki, ya ce shi da ya yi shekaru yana noman doya bai taɓa gumi ba irin wanda haruffan Helenanci, alfa da beta, suka sa shi. Da yamma sai gona, kowa da ɗan filinsa, don mafi yawanmu ba mai biya mana kuɗin makaranta sai ƙaramar ekklesiyar ƙauyen da ta aiko mu, ita ma da baikon masara da gyaɗa take lallaɓawa. Ba ma jin kunyar fartanya. Manzo Bulus ma ɗinkin tanti yake yi a Koranti yana wa'azi.

Abin da ya fi ba kowa tsoro a makarantar nan ba jarrabawa ba ce, wa'azin gwaji ne. Za ka kwana kana shiri, ka hau bagadi kana ji kamar yau sama za ta buɗe, ka gama ka sauko, sai malam ya gyara tabarau ya ce toh, mun ji labarin kakarka, mun ji labarin akuyar maƙwabcinka, yanzu ina ayar da ka karanta mana ta shiga? 'Yan aji kuma su ɗora nasu, wannan ya ce ka yi tsawo, wancan ya ce ihu ya fi saƙon yawa. Ranar ko tuwo ba ya shiga. Amma duk wanda ya wuce ta wurin nan ya koyi abu guda, cewa bagadi ba wurin nuna kai ba ne, kuma jama'ar da suka bar gonakinsu suka zo sujada sun cancanci a buɗe musu Maganar yadda take. Ranar Lahadi kuwa a watse cikin ƙauyuka, wani a keke, wani a acaɓa, wani a ƙafa, a je a yi a aikace. Can ne za ka gane ashe akwai tambayoyin da ba su cikin littafi, kamar mutum ya tuba yana da mata biyu, ko rigimar gado tsakanin 'yan'uwa da dukansu mawaƙa ne a majami'a ɗaya.

Ba zan manta da matanmu ba, in na manta ma ba abincin dare. Suna da nasu aji, karatu da rubutu, Littafi Mai Tsarki, ɗinki, kula da lafiyar yara, yadda ake bi da zumunta. Akwai waɗanda suka zo nan ba su iya rubuta sunansu ba, yau su ne ke karanta nassi a gaban jama'a da goyo a baya. Kowa a nan ya sani, a ƙauye matar fasto ita ce ungozoma, ita ce mai sulhu, ita ce mai masaukin baƙi, kuma ba wanda ya taɓa yanka mata albashi.

Yanzu Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babbar maganar da ɗalibai suka aiko ni da ita ita ce maganar sashen Hausa.

Muna jin ƙishin-ƙishin, ba daga bakinku ba, cewa wai zamani ya wuce karatun fasto da Hausa, wai kowa ya koma difloma da digiri da Turanci. Ba mu ƙi ilimi ba sam. Muna alfahari da manyan makarantun tauhidi, TCNN da ke Bukuru wadda ta fara karatu a 1959, da JETS a Jos, da duk 'ya'yanmu da suka je can suka dawo da manyan takardu, wasu daga cikin malamanmu ma can suka yi. Amma in aka waiwaya baya, da wane harshe aikin nan ya tsaya da ƙafafunsa a arewa? Turawan mishan su Bingham sun sauka Legas a 1893, abokansa biyu Gowans da Kent suka rasu a 1894. Wani Baturen mishan, Karl Kumm, ya iso Wase a 1904. A Garkida a 1923 gindin tsamiya aka yi sujada ta fari. Duk wannan shuka ce, amma yaɗuwar ta zo ne da aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya sha wahalarsa tare da wasu, aka kuma buɗe makarantu irin na Kagoro da Gindiri inda aka ɗauko manoma aka koya musu da Hausa aka mayar da su cikin mutanensu. Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot da aka naɗa fastoci a 1938, ba digiri ne ya kai su ba. Mutanen da harsunansu daban-daban ne, Birom da Tarok da Bura da Jaba, Hausa ce ta haɗa su a benci ɗaya suna waƙa ɗaya.

Har gobe kuma haka abin yake a inda mu za a tura mu. Tsohuwar da ke zaune a gaba cikin majami'ar ƙauye ba ta san wani abu wai shi tiyoloji ba, amma ta san ko fasto ya ciyar da ita ko bai ciyar ba. 'Yan'uwanmu na karkarar Kano da Katsina da Zariya kuwa Hausa ce harshen da suka sha a nono, da wane za a yi musu ta'aziyya ranar makoki? Kuma mu faɗi gaskiya, wanda ya sha wahalar digiri ba kasafai yake son zama inda babu wuta babu netwok ba, ba zargi nake ba, haka rayuwa take. 'Yan sashen Hausa ne ke zuwa can, su ne kuma ke zama in abu ya ɓaci. Mun tuna Oktoban 2014 da Boko Haram suka shiga Kwarhi kusa da Mubi, ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp da malamansu suka watse cikin daji da yara a hannu, daga baya aka koma aka ci gaba da karatu. Mun san abin da muka sa hannu a kai.

Don haka roƙonmu, a riƙe sashen nan da hannu biyu. Ku leƙa laburarenmu kafin ku tafi, gani ya kori ji, littattafan Turanci sun cika kanta har sama, na Hausa kuwa kanta guda ma ba su cika ba, wasu sun tsufa har sai da aka ɗaure su da zare. Muna da malamai da za su iya rubuta sharhin Romawa ko Ibraniyawa da Hausa mai daɗi in an ba su lokaci da kuɗin bugawa. A kuma buɗe hanya yadda wanda ya gama da Hausa ya yi shekaru a filin bishara zai iya ƙaro karatu, kada takardarsa ta zama bango a gabansa.

Sauran buƙatun kun san su, ba makarantar da ba ta da irinsu, rijiyar burtsatse ta biyu, sola a laburare don karatun dare, da ƙarin ɗakunan masu iyali, don mutum da matarsa da yara huɗu a ɗaki ɗaya ga kuma asamen ana jira gobe, sai alherin Allah. Mun rubuta su a takarda za mu miƙa wa Baba Sakatare.

Ga ɗan abin da gonarmu ta bayar, buhun masara da rago guda, da zane da matanmu suka ɗinka wa Mama da hannunsu. Ragon yana da ɗan taurin kai, direba ya ɗaure shi da kyau. Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi da hikima, ya mayar da ku gida lafiya. Iyayenmu mata za su yi waƙa ɗaya, sa'an nan Baba ku yi mana magana, muna saurare.