Bindiga Mai Harsashi Ɗaya da Haɗa Harsashi da Hannu: Bayani ga Maharban Ƙasar Bauchi

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Duk wanda ya taɓa zama cikin maharba a ƙauyukan Alkaleri ko Toro ko Ningi, bayan an kwashe amfanin gona ciyawa ta fara bushewa, ya san hirar ba ta yin nisa sai ta gangaro kan bindiga. A 'yan shekarun nan hirar ta sami sabon abin magana, domin matasa suna ganin maharban Amurka a wayoyinsu riƙe da wata bindiga mai kyan ƙira wadda ba ta cin harsashi sai ɗaya, kuma suna ganin mai ita zaune a gaban tebur yana haɗa harsashinsa da hannunsa. Daga nan sai wani ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kakanninmu ma da hannu suke ɗura bindigar toka. Maganar tana kama da gaskiya, amma tsakanin abubuwan biyu akwai tazarar da ta isa ta raba mutum da yatsunsa, ko ta kai shi gidan yari.

Bari mu fara da ita kanta bindigar. Bindigar toka, wadda ake yi wa kirari da harba ka ruga, ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura toshiya, a zuba dalma, a danna da sanda. Cikin bututunta sumul yake, shi ya sa idan abin harbi ya yi nisa sai dai a bar wa sa'a. Turawa suna kiranta bindigar 'yan Danmak, saboda fataken ƙasar Danmak suna cikin waɗanda suka riƙa shigo da irinta ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma ƙarnuka da suka wuce. Ita kuwa wadda matasan nan suke gani a waya raifil ce, ta baya ake saka mata harsashi, kuma a cikin bututunta an sassaƙa wasu layuka masu murɗewa kamar igiyar da aka tufka. Idan ƙwayar harsashi ta bi ta cikinsu sai ta fito tana juyawa a kan kanta, kuma wannan juyawar ce take riƙe ta a miƙe har ta isa inda aka saita, ko da nisan ya kai mita 200 ko ya wuce.

Ana ce mata mai harsashi ɗaya ne saboda ba ta da gidan ajiyar harsasai. Kowane harbi sai an buɗe ta, an zare kwanson da ya ƙone, an saka sabo da hannu. Wasu karyewa suke yi a tsakiya, kamar bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya da maharbanmu suka sani. Wasu kuma wani dunƙulen ƙarfe ne a bayan bututun yake sauka ƙasa idan an ja mariƙi, sannan ya koma ya toshe idan an mayar. Wannan ƙira ta tsufa. Sojojin Ingila sun karɓi Martini-Henry a 1871, sojojin Amurka kuma suka ɗauki Springfield mai harsashin .45-70 a 1873, kuma dukansu harsashi ɗaya suke ci. Da bindigogi masu gidan harsashi suka fito sai sojoji suka yi watsi da su, amma maharba ba su sake su ba, har kamfanin Ruger ya fitar da samfurinsa mai suna No. 1 a ƙarshen shekarun 1960, wanda ya zama abin alfahari ga masu son wannan iri.

Mai tambaya zai ce, me zai sa mutum ya zuba kuɗi a bindigar da ba ta da harbi na biyu? Amsar farko ita ce sauƙin ƙira, domin abin da ba shi da sassa da yawa ba ya yawan lalacewa, kuma ƙurar hunturu irin tamu ba ta samun wurin maƙalewa. Ta biyu, da yake babu doguwar sakata a bayanta, takan fi raifil mai gidan harsashi gajarta da kusan faɗin tafin hannu alhali tsawon bututunsu ɗaya, abin da yake da amfani ga mai kutsawa cikin sarƙaƙiya. Amma a ganina babban dalilin yana cikin halin maharbin ne. Wanda ya san harbinsa ɗaya ne tak ba ya taɓa kunama sai ya ga dabbar sarai, ya tabbata ba mutum ba ne, ba saniyar makiyayi ba ce, ya kuma san abin da yake bayanta. A nan kam tsohon maharbin bindigar toka ba ya bukatar darasi daga kowa, domin a kan wannan tarbiyya ya tashi.

Sai mu zo ga harsashi. Abu huɗu ne a cikinsa: kwanso na tagulla, ɗan ƙyastu da yake manne a gindin kwanson wanda allurar bindiga take duka ya ba da tartsatsi, garin da yake ƙonewa, da ƙwayar da take fita. Da zarar an yi harbi, uku daga cikin huɗun sun tafi, kwanson ne kawai ya rage, kuma shi ne ya fi tsada. Wannan ne asalin sana'ar haɗa harsashi da hannu a ƙasashen da doka ta yarda da ita: a mayar da kwanson da aka riga aka harba bakin aiki sau da dama kafin ya gaji. Akwai ma wani abin mamaki a tarihin ƙyastun. Irin da Baturen Ingila Edward Boxer ya ƙirƙiro shi ne ya yaɗu a Amurka, irin da Ba'amurke Hiram Berdan ya ƙirƙiro kuma ya fi karɓuwa a Turai, kuma da yake na Boxer ya fi sauƙin sauyawa, yana cikin abin da ya taimaka sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka.

Bindiga mai harsashi ɗaya ta dace da wannan sana'a ƙwarai. Kwansonta ba ya ɓacewa cikin ciyawa, a hannun mai ita yake ƙarewa. Babu gidan harsashi da zai taƙaita tsawon abin da za a saka mata. Sannan da yawa daga tsofaffin irinta masana'antu sun daina yi musu harsashi, ko kuma suna yi da tsadar gaske. Masu yi sukan ce sun shiga ne don rage kashe kuɗi, amma su da kansu suna yi wa juna ba'a cewa ba wanda ya taɓa tara ko kwabo, domin abin da aka rage a harsashi yakan tafi a sikeli da matsi, wato na'urar da ake haɗa harsashin da ita, da sauran kayan awo. Abin da suke samu a zahiri shi ne harsasai masu kama da juna kamar an tsaga kara, waɗanda suke faɗawa wuri ɗaya.

Yanzu mun iso inda kwatancen nan da bindigar toka yake rushewa, kuma ina roƙon masu kallo su tattara hankalinsu. Albarushin gargajiya da garin harsashin zamani ba dangi ba ne. Na zamani, wanda ba ya hayaƙi sosai, wani masani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fara samar da shi a 1884, kuma ƙarfin da yake haifarwa a cikin bututu ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba. Ku ɗauki ma'aunin da mai faci yake gwada iskar taya. Tayar ƙaramar mota takan tsaya a wajen 32. A wannan ma'aunin dai, iyakar da ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ta Amurka, wato SAAMI, ta gindaya wa harsashin .308 Winchester ita ce 62,000, kusan ninki 2,000 ke nan, kuma wannan matsi yana tashi ne tazarar 'yan yatsu kaɗan daga idon maharbi. Saboda haka mai haɗa harsashi ba ya awo da tafin hannu ko da murfin kwalba. Ma'auninsa sunansa giren, wanda sai an tara sama da 15 kafin a sami giram ɗaya, kuma yana auna har kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin, yana bin littafin da masana'anta ta wallafa bayan gwaji da na'urorin auna matsi. Garin ma iri-iri ne, wani yana cin wuta da sauri wani a hankali, alhali a ido kusan kamarsu ɗaya, kuma musanya ɗaya da ɗaya ya isa ya tarwatsa bindigar da aka ƙera da ƙarfe mafi inganci.

To ina ga bututun da maƙeri ya yi a gari? Babban gangancin da ake jin labarinsa shi ne mutum ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka, wai don ta ƙara kaifi. Bututun da aka yi don albarushi ba zai iya ɗaukar wannan matsi ba. Yana iya jurewa sau ɗaya ko sau biyu, mai shi ya ɗauka ya gano wata dabara, alhali ƙarfen yana tsagewa ne daga ciki, ranar da zai buɗe kuwa hannun hagu da fuska ne a kusa. Haka nan narka dalma a cikin gida, a kaskon da yara suke wasa kusa da shi, guba ce mai shiga jini a hankali, kuma Arewa ba ta manta da abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito.

Ko da a ce mutum ya mallaki dukkan kayan awon, akwai katangar da ta fi wannan tsawo, ita ce doka. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu take cikin kundin dokokin tarayya, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu akwai bindigogi masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da raifil masu faɗin bakin da dokar ta kira na soja, wato milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar tsuntsaye wadda ba ta ɗura kanta da raifil ɗin farauta, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda sha'aninsu yake hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Ku lura da abin da wannan rabo yake nufi ga mai sha'awar abin da ya gani a waya. Dokar ba ta ƙirga yawan harsashin da raifil take ci ba, faɗin bakinta ta duba. Harsashin .308 da muka ambata, wanda yake cikin mafi farin jini ga maharban duniya, faɗinsa milimita 7.62 ne, don haka raifil mai cin sa tana iya faɗawa kashi na farko ko da harsashi ɗaya take ɗauka. Dokar ta kuma hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makaman da suke yawo a hannun jama'a. Saboda haka a nan sayen bindiga daga hedikwatar 'yan sandan jiha yake farawa, inda mutum zai ji matsayin lasisi a lokacin da yake nema, kafin a zo maganar dillali mai rajista, kafin a zo maganar farashi. Wanda ya ce zai kawo maka bindiga yau takarda ta biyo baya, ya riga ya gaya maka irin hajarsa.

Game da haɗa harsashi kuwa, dokar ba ta bar ƙofa ba. A fassararta, kalmar harsashi ta haɗa da kowane sashe na harsashi, wato kwanso da ƙyastu ma suna ciki, kuma riƙe harsashi sai da lasisin bindigar da yake shiga. Ƙera harsashi ko harhaɗa shi an keɓe shi ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da masana'antun da aka kafa don rundunonin tsaro, irin masana'antar DICON ta Kaduna wadda aka kafa a 1964, kuma hukuncin wanda ya yi gaban kansa bai gaza ɗaurin shekara goma ba. Abin da yake nishaɗin yamma ga wani a jihar Montana ta Amurka, a Bauchi babban laifi ne, kuma a lokacin da ake fama da 'yan bindiga a dazuzzuka, jami'in da ya tarar da matsi da tarin kwansuna a ɗakin mutum ba zai tsaya tambayar ko don barewa aka tanada ba.

Saura abu ɗaya da maharba sukan haɗa da lasisin bindiga alhali daban yake. Izinin riƙe bindiga ba izinin farauta ba ne. Gandun Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006, ba a harbi a cikinsa ko da wace irin takarda mutum yake riƙe da ita, kuma giwayen da suka rage a can suna cikin dabbobin da dokar tarayya take ba su kariya a ko'ina cikin ƙasar nan. Wanda yake son fita dajin da ba a keɓe ba, sai ya nemi takardar farauta daga ma'aikatar jiha mai kula da gandun daji da namun dawa, ya kuma sanar da Sarkin Bakan yankin, domin shi ya san iyakar gandu, ya san burtalin da makiyaya suke bi da shanunsu, ya kuma san watannin da namun daji suke da ciki.